Hannun Mai Zane: Gado Ne, Aro Ne, Ko Girman Kai?

Babu mai rai a yau da ya san kamannin fuskar Sarauniya Mangu ta Lugu. Rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu a watan Afrilu na 1899, aka gwabza, aka ƙone garin, rundunar ta wuce gabas zuwa Birnin Ƙonni, ba tare da an bar wa na baya hotonta ko zanenta ba. Duk da haka, in aka ce wa ɗan lakwal a Yamai ko a Dogon Dutse ya kwatanta ta, ba zai yi inda-inda ba. Zai kawo mace mai kaifin ido, tsaye gaban mayaƙa, da kwari da baka. Wannan fuskar tana da mai ita. Ai Keita ce, 'yar wasan Burkina Faso da ta fito a fim ɗin da Med Hondo na Muritaniya ya yi a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987.

Lugu tana cikin gundumar Ɗan Kassari, a ƙasar Arewa ta jihar Doso. Shi kansa garin Ɗan Kassari yana bakin babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Dogon Dutse, ta nufi Ƙonni. A ce wani matashi ɗan wannan gari, wanda Allah ya ba hannun zane, an nuna masa bango an ajiye masa gwangwanayen fenti, an ce ya zana Sarauniya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya ciro waya, ya nemo hoton fim, ya kwafa. Aikin zai yi kyau, masu wucewa su yaba, a biya shi. Sai dai abin da ya hau bangon aron aro ne. Abdoulaye Mamani ya gina jarumar a ƙagaggen labarinsa na 1980, Med Hondo ya ba ta jiki da murya, kuma a Burkina aka ɗauki fim ɗin. Yaron da babur zai kai shi Lugu ya dawo da shi a yini guda ya kalli ƙasarsu da idon waɗanda suka hango ta daga nesa.

Wannan shi ne ciwon kowane mai zane da ya wuce matakin koyo: yaushe aikinsa zai zama nasa? Yaushe za a hangi bango ko ƙyalle a ce, tun kafin a duba suna, "wannan hannun wane ne"? A wasu ƙasashe tambayar ta tsaya tsakanin mai zane da malaminsa da masu saye. A Arewa kuwa sai ta bi ta ƙofar masallaci, ta kuma bi ta zauren magabata, kafin ta isa kasuwa.

Masu zanen ma suna nan, ko da ba a kiran su da manyan sunaye. Su ne ke rubuta allon shagon tela da na mai aski, su zana kawunan samari da salon aski iri-iri. Su ne ke ƙawata bayan manyan motocin da ke ratsa garin dare da rana. Mushe yakan nemo ɗaya daga cikinsu ya zana taswirar Nijar ko sassan jikin ɗan Adam a bangon aji, gidan likita kuma ya sa a zana uwa da jariri cikin gidan sauro. Ga samarin fada, masu rubuta sunan fadarsu da alamominta a bangon da suke zaman shayi. Adeline Masquelier, mai binciken al'adu da ta daɗe tana aiki a Dogon Dutse, ta ba wannan rubutun bango muhimmanci a littafinta na 2019 kan fada. A cikin waɗannan mutane ne ake samun wanda wata rana zuciyarsa ke ƙin kwafi.

Tambayar farko da za ta tare shi ta halas da haram ce, kuma bai kamata a kauce mata ba. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura suna cikin Buhari da Muslim. A cikinsu akwai labarin labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, har aka yanka shi aka yi matasai. Akwai kuma labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin sura yake ci. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin, mutumin ya firgita har launinsa ya canja. Sai sahabin ya nuna masa cewa in ba makawa, ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Abin lura a nan shi ne bai ce masa ya jefar da kayan aikinsa ya nemi wata sana'a ba. Iyaka ya shata masa, ya bar shi da sana'arsa a cikinta.

Daga nan malamai suka rabu. Almajirin zaure da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala zai tarar Ibn Abi Zaid ya sa sura a jikin gado da bango da zobe cikin abin da aka karhanta, ya ware ta jikin tufa, tare da cewa barin ta ya fi. Malaman Malikiyya na baya, irin su Shaihu Dardir na Masar wanda ya yi sharhin Muhtasar, sun fayyace: haramcin ya tabbata ne a kan surar mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai inuwa, wato sassaƙa ko gunki. Wadda aka zana a shimfiɗe, a takarda ko bango, makaruhi ce, in kuma a wurin da ake takawa take hukuncin ya ƙara sauƙi. Imam Nawawi na Shafi'iyya bai yarda da wannan bambanci ba. A wurinsa mai inuwa da marar inuwa duk haram ne. A ƙarni na ashirin Shaihu Bin Baz ya bi tsaurin, Shaihu Yusuf Ƙardawi ya sassauta a kan zanen shimfiɗe, Muhammad Abduh kuwa tun farkon ƙarnin ya rataya hukuncin a kan ko akwai tsoron bauta ko babu. Duk waɗannan muryoyi ana jin su a garuruwan Arewa, tun ma ba bayan da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya ƙetaro iyaka ya yi ƙarfi ba. A gida ɗaya ana iya samun uba da hoton Shaihu Ibrahim Inyas a bangon zaurensa, ɗansa kuma yana ganin a sauke.

Wannan saɓani na gaske ne, kuma ba wannan rubutu ne zai yanke shi ba. Abin da ke wuyan mai zane shi ne ya san maganar da yake bi da dalilinta, ya je gaban malaminsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga sana'ata, ina iyakata?" Wanda ke zana fuskoki da rana yana kwana da fargaba da dare ba zai taɓa samun hannu ba, domin rabin zuciyarsa na janye da alƙalamin. Wanda kuma ya zaɓi tsayawa ga itace da dutse da harafi bai yi asara ba. A cikin wannan iyakar ce aka haifi rubutun Alƙur'ani na Barno da Kano, da baƙin tawada ga haruffa, ja ga wasula, rawaya ga hamza. A cikinta aka haifi zayyanar allon sauka, da aska takwas ta gaban riga, da adon bangayen unguwar Birni a Damagaram.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma ba ta barin ko mai zana itace. Illar da hadisan suka ambata ita ce kwaikwayon halittar Allah, wato bawa ya ji a ransa shi ma ya ƙaga. Ɗaya daga cikin sunayen Ubangiji da suka zo a ƙarshen Suratul Hashri shi ne Mai Surantawa. To, wanda ya tashi haiƙan yana neman salon da ba na kowa ba, yana son a ga aiki a ambaci sunansa, ba ƙofar riya da jiji da kai ya buɗe ba? Marubucin Turkiyya Orhan Pamuk ya gina littafinsa na 1998 a kan wannan gardama, inda tsofaffin masu zanen fadar Santanbul ke ɗaukar salon mutum a matsayin aibi, alamar cewa hannu ya kasa bin magabata daidai.

Abin mamaki, tsohuwar al'adar Arewa, wadda ta sha bamban da masallaci a abubuwa da yawa, ta yi tarayya da shi a wannan shakka. Sarauniyar Lugu ba ta neman kujerarta, haka ma mai sarautar Baura na garin Bagaji. Bisa al'adar tarkama, gawar wanda ya rasu ake ɗauka, kuma mutanen wurin sun yi imani ita ke nuna magaji. Maƙeri gadon ƙira ya yi, masaƙi gadon saƙa. Wanzamin da ke yi wa jariri tsagar Arawa, daga gefen baki zuwa wajen kunne, ba a ba shi damar gwada sabon salo a kumatun ɗan mutane ba. Ƙimar aikinsa ita ce ya fito yadda na kaka ya fito, har a gane yaron a kasuwar da ba a san ubansa ba. A irin wannan tarbiyya, matashin da ya ce "ni nawa daban ne" kamar ya ce ya fi gidansu ne.

Amma tarihin sana'a a ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan tsoron gaba ɗaya ba, domin mutanen da suka fi kowa riƙon gado su ne kuma suka ajiye sunayen gwanaye. Har gobe ana kiran Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Da ƙasa da azara ya yi aiki kamar kowane magini, amma bakan gizon da ya ɗaga a cikin masallacin ba a ga irinsa ba kafin shi. Kusa da gida ma akwai misali. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, mutanen gari sun ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin masallacin Juma'a a 1962. Da farko gini ya yi mai sauƙi, irin wanda kowa ya sani. Sai bayan shekaru goma sha wani abu, da aka zo gyara, ya sake rufin da baka da ƙubba, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar gine-gine ta Aga Khan. Falke bai fara da neman bambanta ba. Ya fara da biyan bukatar masu salla, ya daɗe a cikin aikin, sannan abin da ke cikinsa ya sami hanyar fita.

Masu rubutun Larabci na daular Usmaniyya sun mayar da wannan hanya doka. Ɗalibi yakan shekara da shekaru yana kwaikwayon layin malaminsa, kuma ba shi da izinin sa sunansa a ƙarƙashin rubutu sai ya karɓi ijaza. Duk da wannan tsauri, a cikinsu ne Shaihu Hamdullahi, wanda ya rasu a 1520, ya fito. Ya ƙware a salon Yaƙutul Musta'asimi na Bagadaza har ba a bambance su. Sarki Bayazidu na Biyu ya ba shi rubuce-rubucen Yaƙutu daga taskar fada, ya nemi ya fito da wani abu sabo. An ruwaito cewa ya shiga halwa, ya fito da salon da marubutan Alƙur'ani suka bi ɗaruruwan shekaru bayansa. Haka abin yake a tsangaya: alarammomi biyu sun yi karatu gaban gwani ɗaya, suna rubuta aya ɗaya da ruwayar Warshu, amma almajiri ya ɗaga takarda ya ce wannan hannun wane ne. Babu wanda ya yi niyyar saɓa wa malaminsa a cikinsu. Nauyin hannu ne, da yadda kowa ke fere alƙalaminsa, da inda numfashinsa ke tsayawa.

A nan amsar tambayar take, a ganin mai wannan rubutu. Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launukan mutane cikin ayoyin Allah, Suratu Faɗir kuma ta ja hankali ga duwatsu masu zane-zane fari da ja da baƙi ƙirin. In bambanci aya ce a jikin dutse da fatar mutum, da wuya ya zama laifi a hannunsa. Hannun da mutum ya tarar a jikinsa bayan doguwar biyayya ga sana'a kyauta ce da aka ba shi, kuma ɓoye ta don tsoron surutu ba tawali'u ba ne. Girman kai yana wajen wanda ya ƙirƙiro bambanci da gangan, tun bai iya riƙe burushi ba, don a ce da shi wani ne. Ana gane su a aiki: na farko in aka yabe shi yakan nuna inda ya koya, na biyu yakan ɓoye.

Akwai wani kuskuren kuma, kishiyar wannan, wanda makarantar boko ta kawo. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin fasaha ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya don sun gaji da koyon zane kamar a Landan suke. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Ba su ce a watsar da abin da Turawa suka koyar ba. Cewa suka yi a haɗa shi da abin gida har su narke su zama abu ɗaya. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma mahaifiyarsa na cikin waɗanda ya koya a wurinsu. Darasin Zariya ya yaɗu, amma an fi ɗaukar ɓawonsa. Sau da yawa mai zane yakan yi hoto irin na kalanda, sannan ya manna dagi a kusurwa ko ya jera ƙorai a gefe, ya ce ya koma gida. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Okeke ya zauna ya koyi yadda layin uli ke tafiya, inda yake siranta da inda yake barin fili, har layin ya shiga hannunsa ko da abin da yake zanawa ba shi da alaƙa da ƙauyensu.

Wanda labarinsa ya fi kusa da matashin Ɗan Kassari shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malami ne mai makarantar allo. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da ƙwarewar da ba a musu. Ya baje kolin aikinsa a Hartum, sai ya ga mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Wani zai ce jama'a ne ba su waye ba. Shi bai ce haka ba. Ya shiga gidajen mutane yana duba abin da suke ratayawa a bango da abin da suke ƙawatawa, ya tarar da ayoyi da rubutun hannu, da adon faifai da tabarmi da fata. Ya tuna allon gidan mahaifinsa. Sai ya fara sa harafi a cikin zane, daga baya ya riƙa warware harafin yana duba siffar da ke cikinsa da filin da ke tsakaninsa da na kusa da shi, har fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suka riƙa ɓullowa daga lanƙwasar baƙaƙe. Launukansa ma suka koma na ƙasar Sudan: ja-ja, ruwan ƙasa, baƙi, fari.

A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. An hana zane a gidan yarin. Yakan yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane a kai, ya binne a cikin rairayi in mai gadi ya doso. Wannan tilas ta zame masa hanya: bayan fitowarsa ya riƙa fara babban aiki daga 'yar takarda guda, ya ƙara wata a gefenta, aikin na tsiro ta ko'ina har ya cika bango. Shekaru bayan haka ya duƙufa kan itace guda, wanda Sudaniyawa ke kira haraz. Gawo ne, wannan dai da ke tsaye a gonakin kwarin Dallol Mawri, mai zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da saura suka bushe. Manomin Arewa ya san amfanin wannan saɓani, domin gero na yin kyau a ƙarƙashinsa, bisashe kuma na samun abin ci a lokacin da babu. El-Salahi ya sha faɗa cewa yakan yi salla kafin ya fara aiki. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Ba dabara ce ta ba shi hannu ba. Allon ƙuruciya ne, da karatun Landan da bai zubar ba, da kunyar ranar da mutanensa suka juya baya, da buhun siminti.

Abin da za a kalla bai yi ƙaranci a Arewa ba. Ga dutsen da Dogon Dutse ya ci sunansa, ja da safe, wani launi dabam da la'asar. Ga rumbunan ƙasa, da zanen wuta a bayan ƙwarya, da saƙar faifai, da lallen amare, da jeren kwanoni a ɗakin amarya wanda shi ma tsari ne na launi da lissafi. Kayan launin ma na nan: jan ƙasa da farar ƙasa, baba, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, bagaruwa, gawayi da ƙaro na tawada, makuba ta shafen bango. Wanda ya rasa kuɗin fentin kanti bai rasa launi ba, kuma launin da mutum ya haɗa da hannunsa yana da wuyar kwaikwayo.

In matashin ya hau babur ya je Lugu, zai tarar da abin da fim bai nuna masa ba. Sarauta ce da ake gadonta har zamaninmu, kuma mai riƙe da ita ba mayaƙiya ba ce. Dattijuwa ce da ke zaune a keɓe cikin ɗakinta, da fararen tufafi, tana kaɗin auduga. Zai ji labarin tasowar kakanni daga Daura, da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara. Nan wata tambayar za ta taso masa a matsayinsa na Musulmi: zana waɗannan abubuwa shaida ce ko girmamawa? Malamai sun rubuta tarihin jahiliyyar Larabawa da sunayen gumakansu ba don sun yarda da su ba, saboda haka ajiye tarihi da bauta ba abu ɗaya ba ne, kuma niyya da inda za a rataya aikin suna da nauyi. Akwai kuma haƙƙin mutanen Lugu kansu. Ba duk abin da ido ya gani a can aka yarda a fitar ba, kuma ladabi ne ya durƙusa ya ce, "Inna, wanne aka yarda in zana, wanne ba a yarda ba?" Mai yiwuwa ya dawo ya zana Sarauniya ba fuska ko kaɗan: ƙofar ɗaki, mazari da abawa, sahun dawakin baƙi a bakin kurmi. Da haka ya fita daga saɓanin malamai, ya kiyaye sirrin masu gari, ya kuma faɗi gaskiyar da hoton fim ya rufe, cewa ba a san fuskarta ba. Wani kuma, bisa fatawar Malikiyya, zai zana fuskar, amma ta tsohuwar da ya sani, da tsagarta. Kowanne ya ɗauka, ya riga ya yi taku ɗaya daga kwafi.

Sauran haɗarin yana kasuwa. A rumfunan masu sana'a na gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da na Wadata a Yamai, baƙi sun daɗe suna sayen abu iri ɗaya: raƙumi da faɗuwar rana, raƙuman dawa na Kure, mace na daka. Mai zane yana da iyali, ba a zarge shi in ya yi abin da ke fita. Amma ko wanda ya sami hannunsa bai tsira ba, domin ranar da aikinsa ya karɓu, masu saye za su ce ya ƙara musu irinsa, ya ƙara, har ya wayi gari yana kwafin kansa. Yanzu kuma baƙin sun ragu saboda rashin tsaro, injin buga manyan hotuna a leda ya ƙwace allunan shaguna da na 'yan siyasa, manhajar waya kuma na haɗa hoto cikin ƙiftawar ido a salon duk wanda aka ambata mata. Aikin kwafi, wanda dā shi ne abincin mai zane, shi inji ya fara cinyewa. Abin da injin bai mallaka ba shi ne zama a gindin gawon Dallol da sanin wace tsohuwa ce ta fi iya ƙwarya a unguwa.

Su waɗannan tsofaffi ba za su jira ba. Roba da kwanon kanti sun kori ƙwarya daga gidaje da yawa, bulo da siminti na korar magina, samari kaɗan ne ke zama koyon zayyana bayan sauka. Gundumomi irin su Ɗan Kassari da Matankari da Tibiri suna da bangaye masu yawa da ake shafa wa fenti: azuzuwa, gidajen likita, ofishin magajin gari, rumfunan kasuwa. Maimakon a kawo hoto daga Yamai a ce a kwafa, ana iya ba matasan gari bangon, a haɗa kowane ɗaya da mai zanen ƙwarya ko alaramma ko magini na tsawon rani guda, a sanar da limamin unguwa abin da za a zana tun kafin a jiƙa burushi, a biya tsohon kamar yadda za a biya yaron. In aiki ya ƙare, a rubuta sunaye biyu a ƙasan bangon, na wanda ya zana da na wanda ya koya masa.